Isuhu, kada fitilu su ruɗe ka wajen zaɓen kilabiye marar igiya

Isuhu, jiya muna rufe shago ka ce mini: "Maigida, wani ɗalibi ya zo neman kilabiye marar igiya, guda ɗaya wanda zai yi wasan kwamfuta da shi, ya yi aikin makaranta, ya kuma rubuta kod. Na nuna mishi mai fitilu kala-kala irin na Babbar Kasuwa, ya ce zai dawo. Wanne zan ba shi?" Ga amsar a rubuce, don tambaya ce da za ta riƙa dawo maka.

Ka ajiye maganar fitilu tukuna. Ɗauki kilabiyen, wanda ƴan Najeriya ke ce wa kibod, ka juya shi ka nemi ɗan makunni a gefe ko a baya. Wanda muke so shi ne mai hanya uku: igiyar USB-C, da Bluetooth, da ƴar kile ta 2.4 GHz, wato ɗan makarɓin sigina da ake soka wa kwamfuta a ramin USB. Kowace hanya da aikinta. Ta ƴar kile, kilabiyen kirki yana aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa guda, ta Bluetooth kuwa yawanci wajen sau 125 ne. Mai buga wasiƙa ba zai ji bambancin ba, amma mai wasan harbi irin Counter-Strike ko Valorant zai ji shi a yatsunsa. A kamfanonin da ke ƙera su, Logitech na kiran tata hanyar Lightspeed, Razer na ce wa tata HyperSpeed, duk dai ƴar kile ce. Amfanin Bluetooth shi ne mutum ya haɗa kwamfuta da waya da tabilet, ya riƙa sauyawa da Fn da lamba 1, 2, 3. Sai dai yawancin injuna ba sa ganinsa kafin Windows ta tashi, don haka ba za ka shiga BIOS, wato saitin farko na injin, da shi ba. In kilabiyen na hannu ne, kada ka biya ko dala sai ka ga ƴar kilen da idonka, ka soka ta, ya yi rubutu. Ba kowace kile ce ke shiga kowane kilabiye ba.

In wani ya dawo yana cewa haruffa na tsallakewa, kada ka yi saurin kwance noti. Duba inda ya soka ƴar kilen. Ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, yana fitar da hayaniyar da ke damun 2.4 GHz, Intel da kanta ta yi bayanin haka tun 2012. Ka mai da ita rami mai baƙin ciki, ko ka sa ƴar igiyar ƙari ta kawo ta kan tebur kusa da kilabiyen, nesa da akwatin Wi-Fi.

Sai abin da ya fi ba mu wahala a nan Yamai, wato jerin haruffa. Mu da AZERTY muka tashi, na Faransa. Kayan wasa da ke shigowa daga Dubai da Sin kuwa mafi yawansu QWERTY ne na Amurka. Ka kwatanta su gefe da gefe. Na Turai, mai suna ISO, maɓallai 105 gare shi, Enter ɗinsa dogo ne mai ƙugiya, Shift na hagu gajere, kuma kusa da shi akwai ɗan maɓalli mai alamar < da >. Na Amurka, ANSI, 104 ne, Enter a kwance, kuma wannan ɗan maɓallin babu shi sam. To in ɗalibin ya sayi ANSI ya sa mishi AZERTY a cikin Windows, < da > sun ɓace ke nan. Wanda ke rubuta HTML ko C++ yaya zai yi? Wannan kuskuren ne nake tsoron ka yi.

Ni a ganina mai rubuta kod ya daure ya koyi QWERTY. A AZERTY, kafin ka sami { sai AltGr da 4, [ sai AltGr da 5, | sai AltGr da 6, lambobi da ɗigon aya ma sai da Shift. Wuni guda ana wannan murɗa hannu, wuyan hannu sai ya faɗa maka. A QWERTY [ da ] suna nan dab da P, taɓawa ɗaya. Wasanni ma an gina su kan W, A, S, D, alhali a AZERTY sai su koma Z, Q, S, D, wasu tsofaffin wasannin sai ka shiga ka gyara da kanka. In zai rubuta Faransanci na makaranta, ka ƙara mishi tsarin US-International a Windows, inda ' da e ke ba da é, ya riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. Kada ya bar shi kunne lokacin kod, don alamun zance na jira sai an taɓa wani maɓalli kafin su fito. Amma in hannunsa ya riga ya nuna a AZERTY kuma ba ya son canji, ka nemo mishi ISO na gaske, kada ka liƙa takarda a kan maɓallai.

Girma kuwa, ka ba shi TKL, wato marar lambobin dama, mai maɓallai 87 ko 88, ko mai kashi 75 cikin ɗari na girman cikakke. Dukansu suna da jerin F da kibiyoyi, kuma suna bar wa linzami fili. A VS Code, manhajar rubuta kod, F5 ke tada gwajin kod, F12 ke kai ka inda aka bayyana abu, F2 ke canza suna. Ƙaramin nan na kashi 60 ya ɓoye su duka ƙarƙashin Fn. Mai lissafin kuɗi kaɗai ke buƙatar cikakke mai lambobi a dama.

Yanzu cire hular maɓalli ɗaya ka duba suwic ɗin da ke ƙasa. Ja na Cherry MX yana sauka sumul da nauyin wajen giram 45, ƴan wasa na son shi. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa ke ji, shi nake ba mai haɗa aiki uku. Shuɗi yana ƙara kamar keken rubutu, in da mutane a ɗaki ka bar shi. Abin da ya fi kalar muhimmanci shi ne ko suwic ɗin na fita ba tare da narka dalma ba. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, sai ka taɓa "a" sau ɗaya ya rubuta "aa". In mai cirewa ne, ka zare shi da ɗan matsefinsa ka sa sabo, minti biyu. In an kama shi da dalma ne, sai an kwance allon gaba ɗaya. Lokacin sawa ka duba ƙafafunsa biyu na ƙarfe a miƙe suke, don in ɗaya ta lanƙwashe ka danna da ƙarfi, za ta ɓalle mazauninta daga bayan allon. Ka kuma lura akwai mai ƙafa 3 da mai ƙafa 5. Huluna na robar PBT sun fi na robar ABS jure gumi, na ABS da wuri suke yin santsi.

Batir ɗin lithiyam ne, kuma zafi ne abokin gabarsa. A Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, kada a bar shi cikin mota ko kusa da taga, kada a bar shi kan caji kwana da kwanaki. Fitilu ne ke shanye shi: Logitech ta ce G915 ɗinta awa 30 yake yi da fitilu a cike, in aka kashe su kuwa sai ya kai makonni. Ka aza kilabiyen kan shimfiɗaɗɗen tebur ka danna kusurwoyinsa. In yana rawa, ko ƙasansa ya yi tulu, batir ya kumbura. A daina caji, a cire shi a hankali, kada a huda.

In ɗalibin ya dawo, ka buɗe Notepad a gabansa ta ƴar kile, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ka buɗe shafin gwajin kilabiye a intanet, ka danne W da A da Shift da Space lokaci guda, ka ƙara R, ka ga ko biyar ɗin duka sun haska. Ka maimaita ta Bluetooth, ka bar shi minti goma ya yi barci, ka taɓa shi ka ga ko harafin farko ya shiga ko ya haɗiye shi. Ka sa mishi suwic biyar na ajiya cikin ƴar leda tare da matsefin.