Gidan gumagumai a dala dubu 30: gaskiya ce ko romon baka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban tirela ne, ina zaune da iyalina a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a nan Amurka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina biyan haya, kuma ina gudun bashin banki saboda kuɗin ruwa. Kwanan nan na yi ta kallon wasu Turawa a YouTube suna cewa sun gina gidan gumagumai da hannunsu a kan dala dubu 30, wani ma ya ce bai kai haka ba. Na ga wani fili eka 5 mai itatuwa a wajen gari, farashinsa bai fi ƙarfina ba. Uwargida ta ce ƙarya suke yi, kallon kitse nake wa rogo. Ni kuma raina ya biya. Don Allah mene ne gaskiyar wannan lissafi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma tsare hanya.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta fi ka kusa da gaskiya, amma ba ƙarya ce zalla mutanen nan ke yi ba. Yawancinsu abin da suka kashe suke faɗa. Matsalar ita ce kuɗin bango suke kira kuɗin gida, alhali a irin wannan gini bango shi ne ɓangaren da ya fi araha.

Gidan gumagumai ya samo sunan araha ne tun zamanin da yake araha ɗin da gaske. Mutanen Suwidin da Finlan ne suka kawo salon bakin kogin Delaware wajen 1638, ya bazu cikin dazuzzukan gabashin ƙasar. Abraham Lincoln ma a irin wannan ɗaki aka haife shi a Kentaki a 1809. A lokacin, daji ne ya yi wa manomi yawa. Dole ya sare itace kafin ya sami gona, to abin da ya sare shi yake ɗorawa ya kwana a ciki, maƙwabta su zo gayya a ɗaga masa. Kamar ginin ƙasa ne a ƙauyukanmu: ƙasar tana bayan gida, ruwa na kududdufi, 'yan'uwa su taru a kwaɓa a yi tubali. Ba wanda ya ja wuta, ba famfo, ba sufeton gini. Ko Dick Proenneke, wanda masu wannan sha'awa suke yawan kafa hujja da shi, ɗan ɗaki guda ya gina a Alaska a 1968, bayan ya sare itacensa tun shekarar da ta gabata ya bar shi ya sha iska. Gwanin kafinta ne, kuma shi kaɗai yake zaune, ba mata ba yara. Kai kuwa gidan da za ka sa iyali kake magana, a gundumar da ke da dokar gini.

Bari mu taɓa bangon kansa, tunda nan idonka yake. Ka ɗauka gida ne mai ƙafa 30 tsawo, 30 faɗi. Idan kaurin gungume inci 12 ne, kana bukatar jeri goma a kowane gefe, wato gumagumai 40, kowanne ya ɗan haura ƙafa 30 don ya wuce kusurwa. Ba a sa na rufi da ginshiƙai ba. Ɗanyen gungumen itacen fain (pine) mai wannan girma ya haura kilo 600, nauyin buhun siminti goma sha biyu ke nan a dunƙule. Kai da ka san kaya, ka san wannan ba abin da mutum biyu za su ce "bismillah" su ɗaga ba ne. Ko ka yi hayar ƙugiya, ko ka kafa dogayen turaku a kusurwoyi ka riƙa ja da sarƙa, gungume ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka je ka duba eka biyar ɗin nan da idon magini: itace nawa ne a ciki yake miƙe sambal har ƙafa talatin da wani abu, kuma kansa bai tsuke sosai ba? Sau da yawa daji ya cika ido, amma da ka fara zaɓe sai ka ƙare da goma sha biyar. Sauran saye za ka yi a wurin masu saran katako, da kuɗin motar da za ta kawo.

Sai ɓare ɓawo. Wannan shi ne abin da bidiyo ke wucewa cikin daƙiƙa ashirin da ɗan kiɗa a ƙasa. Wuƙa ce mai mariƙi biyu, ka hau gungume kamar doki ka riƙa jawo ta wajenka. Idan an sare itacen a farkon bazararsu, lokacin da ruwa ke gudana a jikinsa, ɓawon yana saluɓewa da sauƙi, amma ƙaro ya manne maka a hannu da riga, sabulu ba ya fitar da shi. Idan saran hunturu ne, itacen ya fi tsabta, amma ɓawon ya kama kamar an liƙa. Ni ranar da na fara, gungume biyu na gama kafin la'asar, washegari ban iya ɗaga buta da hannun dama ba.

Duk da haka, idan ka jure, bangon zai iya tsaya maka da kuɗi kaɗan. Har nan masu bidiyo ba su yi ƙarya ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Kafin gungume ɗaya ya hau, akwai hanyar da mota za ta bi ta shiga filin, da tsakuwa da kwalbati. Akwai rijiyar burtsatse, wadda ba wanda zai iya faɗa maka zurfinta sai an haƙa, kuma da ƙafa ake biya. Akwai jan wutar lantarki daga bakin titi. Akwai ramin bahaya da magudanarsa, wanda a jiharku sai ma'aikatar lafiya ta gunduma ta zo ta duba ƙasar ta ba da izini. Jar laka ta yankinku ba kullum take shan ruwa yadda ake so ba; idan ƙasar ta faɗi gwaji, ko a tilasta maka tsari mai tsada, ko a ce filin ba ya ginuwa. Sai harsashi. A nan kun yi sa'a, sanyinku ba ya shiga ƙasa sosai, wajen inci 12 doka ta nema a yawancin wurare, ba kamar arewacin Minesota ba inda ake haƙa inci 60. Amma nauyin bangon gungume ya fi na gidan katako da aka saba, don haka kankare da rodi ba wurin tsimi ba ne.

Bayan bango kuma sai rufi, tagogi, ƙofofi, daɓe, wayarin, aikin famfo, na'urar ɗumama da sanyaya ɗaki, kicin, banɗaki. Duk waɗannan farashinsu ɗaya ne ko bangonka gungume ne ko bulo. Shagon kayan gini ba ya rage maka kuɗin taga don ka sare itace da hannunka. Kuma farashin yana motsi: a watan Mayun 2021 katako ya haura dala 1,600 a kan ma'aunin da kafin annobar korona ake sayarwa wajen 400. Saboda haka duk bidiyon da ka kalla, fara duba shekarar da aka yi ginin. A aikin da na gani da idona, wanda ya sayi gumagumai yankakku daga kamfani, in ya ninka kuɗinsu sau uku bai yi nisa da abin da zai kashe kafin ya kwana a gidan ba.

Akwai wani hali na itace da ya kamata ka sani tun yanzu, don shi ne ya fi cin mutane. Gungume yana ramewa in ya bushe, a kauri ba a tsawo ba. Masu sana'ar suna lissafa cewa bangon ɗanyen itace yana sauka da kusan kashi 6 cikin ɗari, wato bango mai ƙafa 9 zai iya zama ƙasa da kusan inci 7 cikin 'yan shekaru. Taga ba ta ramewa. Bututun ruwa ba ya ramewa, matakala ma haka. Wani bawan Allah ya taɓa kira na in duba masa gida a shekararsa ta biyu. Ya kafa firam ɗin ƙofa da ƙusa kai tsaye a jikin gumagumai, bai bar sarari a sama ba. Na tarar ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai an sa kafaɗa, gilashin tagar falo ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma ta tsakanin jeri na shida da na bakwai ina hango motata a waje, domin firam ɗin ya tokare bangon ya hana shi sauka. Gyaran ya ci masa fiye da abin da ya yi murnar ya tsimi. Akwai salon da ake haɗa gumagumai da rodi, a buga shi ya ratsa na sama ya shiga na ƙasa, kuma masu koyar da shi suna cewa bangonsu ba ya sauka. Da gaskiyarsu gwargwado, sai dai itacen bai fasa ramewa ba: maimakon ya sauka, sai tsakani ya buɗe, ka koma cike gurbi. Abin cikewar na zamani, mai talewa kamar roba, a bokiti ake sayar da shi, kuma bokitin ba araha.

Doka ma ta shigo cikin bangon. Tun 2007 akwai ƙa'idar ginin gumagumai da ake kira ICC 400, kuma sufeto na iya neman shaidar cewa ƙwararre ya duba itacenka ya tantance ƙarfinsa, da zanen gini mai hatimin injiniya. Jiharku ta yarda mutum ya zama ɗan kwangilar gidansa, da sharaɗin shi zai zauna a ciki aƙalla wata 12 bayan an gama. Akwai kuma batun riƙe zafi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta nuna bangon fain mai kaurin inci 6 yana da ma'aunin R, wato ƙarfin hana zafi ratsawa, wajen 8, alhali bangon gida na yau da kullum yana kai wa 14. Gungume mai kauri yana ajiye zafin rana ya sake shi da dare kamar ɗakin ƙasa, wannan yana taimakawa, amma siririn gungume kuɗin wuta zai ja maka.

Kada in manta gara. Ka san dalilin da ya sa magabatanmu suka zaɓi azarar giginya. Kudancin Amurka ƙasar gara ce da danshi, ga wani ƙudan zuma mai huda itace ya yi rami kamar an sa masa ma'auni. Dole a shafa maganin borat, a ɗaga jerin farko nesa da ƙasa, a fito da bakin rufi sosai don ruwan sama kada ya doki bango. Kuma duk shekara uku zuwa biyar sai an sake wanke bango a shafa masa mai. Yaɓen gidan ƙasa ne kafin damina, ya biyo ka har Amurka.

Yanzu ga tambayar da nake so ka yi wa kanka, ba mai bidiyo ba. Wa zai yi aikin, kuma yaushe? Mutanen da na sani da suka gama irin wannan gida da kuɗi kaɗan, kusan dukansu sun haɗa abu uku: sun riga sun mallaki fili, suna da sana'ar hannu ko 'yan'uwa masu ita, kuma sun zauna a cikin ƙaramar motar kwana a filin shekara biyu, uku, har biyar, suna tsintar tagogi da ƙofofi na gwanjo. Ba su sa kwanakinsu a lissafi ba. Kai kwananka yana da farashi, ka san abin da mako guda a kan hanya yake kawo maka. Duk makon da ka ajiye tirela ka hau gungume, wannan kuɗin ya shiga ginin ko ba ka rubuta shi ba, ga haya tana tafiya a Greensboro. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kuma itacen da aka ɓare ba ya jiran mai shi: na ga tulin gumagumai da aka lulluɓe da tamfol aka tafi neman kuɗi, aka dawo bayan damina biyu aka tarar sun yi baƙi, na ƙasa sun fara ruɓa.

Niyyarka ta guje wa ruwa abin yabo ce, kuma a nan gini da hannu yana da amfani na gaske, tunda ana iya yin sa kaɗan-kaɗan gwargwadon aljihu, yadda ake yi a gida. Dama bankuna ba sa rawar jiki wajen ba mai gina wa kansa bashi. Sai dai ka sani takardar izinin gini tana mutuwa idan aiki ya daɗe a tsaye, kuma ka tambayi kamfanin inshora tun da wuri ko zai karɓi gidan, musamman in yana nesa da 'yan kwana-kwana. Idan burinka kawai ka fita daga haya ne, ƙaramin gidan katako irin wanda kowa ke yi zai fi sauri, kuma a ganina zai fi sauƙi a aljihu. Idan kuwa gungumen ne ya shiga ranka, ba zan hana ka ba, ni ma ya shiga nawa.

Abin da zan ce ka yi, kada ka biya kuɗin filin nan sai an rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ya dogara da samun izinin ramin bahaya. Ka karɓi farashi a rubuce daga mai haƙar rijiya da kamfanin wuta da mai zuba kankare, ka tara su, ka ajiye kusa da dala dubu 30 ɗin ku duba kai da Hajiya. Idan har yanzu zuciyarka na nan, ka fara da ɗan ɗakin ajiya mai ƙafa 10 da 12, da gumagumai ƙanana waɗanda kai da abokinka za ku iya juyawa. Ka tambayi ofishin gunduma ko yana bukatar izini. Ka riƙe littafi, ka rubuta kowace dala da kowace awa, har da man injin zarto. Ka bar shi ya ga hunturu ɗaya da damina ɗaya, sannan ka je ka gwada buɗe ƙofarsa.