Ɗana Yana Buga Fiyano Ba Wanda Ya Koya Masa

TAMBAYA: Anti, ɗana shekararsa 7. Ƙanena ya kawo masa ƙaramar fiyano mai batir, to duk waƙar da ya ji a rediyo sau biyu sai ya buga ta. Yanzu har nasa yake ƙirƙira. Kawun nasa ya nuna mana bidiyon wata yarinya Baturiya da ke kiɗa a gaban dubban mutane, ya ce mu fara kai yaron gidajen biki. Babansa ya yi shiru, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Maman Abba, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Maman Abba, Allah ya raya Abba. Kafin komai ki riƙa yi masa addu'ar tsari, don bakin mutane ba wasa ba ne.

Irin waɗannan yara akwai su. Alma Deutscher 'yar Ingila, da aka haifa a 2005, tana shekara 11 aka nuna wasan waƙe da ta tsara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Amma wanda kowa ke kafa misali da shi Mozart ne, shahararren mai tsara kiɗa, haifaffen garin Salzbag na Ostiriya ta yau a 1756. Yana shekara 5 ya fara tsara kiɗa, yana 6 ya buga a fadar Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, yana 8 ya rubuta simfoni ɗinsa na farko a Landan, wato dogon kiɗa na taron makaɗa. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne wanda ke zaune a gefen yaron kullum. Uban Mozart, Leopold, ƙwararren malamin gogen Turawa ne, har littafin koyarwa ya wallafa, kuma kiɗe-kiɗen farko na yaron da hannun uban aka rubuta su. Gado ne, kamar yadda ɗan makaɗi a nan yake tashi da kalangu a hammata.

Yawon kuwa ya ci su. Daga 1763 zuwa 1766 suna kan hanya a keken doki, fada zuwa fada, Mozart da yayarsa Nannerl, har su biyun suka kwanta ciwo mai tsanani a Holan. A 1767 agana ta kama shi. Beethoven ma, wani shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ubansa ya so ya yi irin wannan kasuwa da shi, har ya rage masa shekara ɗaya a sanarwar wasansa na 1778 don a ƙara mamaki.

Saboda haka batun biki a ajiye shi. Na sha ganin yaro a gidan biki ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ana manna masa kuɗi a goshi yana gyangyaɗi, gobe kuma da boko da Islamiyya. Kuma a biki waƙa uku ko huɗu da mutane ke so zai yi ta maimaitawa, hannunsa ya tsaya nan.

Ki nema masa malami. A Gombe masu buga fiyano a majami'u da situdiyo ba su yi kaɗan ba; a sami wanda ya iya karanta rubutun kiɗa, ya riƙa zuwa gida ranar Asabar, a gaban idonki. Rabin awa a rana ya ishe shi. Abin da ya ƙirƙira ki ɗauka a waya ki adana, ba sai an sa a Facebook ba. Shirun babansa kuma magana ce, ki zaunar da shi ki ji ta bakinsa kafin kawu ya sake zuwa.