Tambayoyinku: safar hannu mai inji da ake tallatawa, da wayar da kullum ta cika

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru, rabinsu duk kuka ɗaya ne, toh bari mu sallami wannan tukuna.

Daga Funtuwa: Malam wayata kullum sai tace wuri ya cika alhali hotunana basu da yawa.

Naka basu da yawa, na ƴan guruf ne sukayi yawa. Shiga saitin WhatsApp ka kashe saukewa ta atomatik, sannan ka goge bidiyoyin barka da Juma'a da kake ajiye dasu tun 2021 kamar takardun fili.

Daga Zariya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu kenan, hannun dama baya buɗewa. Naga tallar wata safar hannu mai inji a intanet, da kanta take buɗe yatsu tana rufewa, sunce tana tayar da ƙwaƙwalwa. Kuɗin da ɗan nauyi. In saya?

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Amma ɗan'uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, dan haka gyara zama.

Hannun Baba lafiyarsa ƙalau, tsokar tana nan, ƙashi yana nan. Ɓarnar tana can sama a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, domin hagu ne ke juya hannun dama. Kamar gida ne da kayan wutarsa duk suna aiki amma wayar da ta taho daga turansifoma ta tsinke. Abin da ake nema a jinya shine sassan ƙwaƙwalwar da suka tsira su karɓi aikin waɗanda suka mutu, kuma suna karɓa, sai dai da sharaɗi. A 1996 wani masani a Amurka mai suna Randolph Nudo ya gwada da birai: aka lalata ɗan ƙaramin wuri a sashen ƙwaƙwalwarsu da ke juya hannu, biran da aka ƙyale sai yankin hannun ya ƙara tsukewa har a inda bai lalace ba, waɗanda kuwa aka sa su dinga zaƙulo abinci daga ƙananan ramuka da yatsunsu kullum, yankin ya tsira, wani har ya faɗaɗa. Ka lura, birin ne da kansa yake zaƙulowa, yunwa na korarsa. Babu wanda ya kama masa yatsa yana lanƙwasawa.

To a nan ne nake faɗa da masu tallan nan. Yawancin safar da ake sayarwa da sauƙi famfon iska ne kawai a ɗan akwati, ya hura yatsu su miƙe, ya zuƙe su dunƙule. A bidiyon talla zakaga dattijo a kishingiɗe yana kallon talabijin safar na ta aiki ita kaɗai. Wannan zai iya taimakawa gaɓoɓi kar su sandare, kuma wannan ma amfani ne, ban raina ba. Amma ƙwaƙwalwa tana ƙulla sabuwar hanya ne idan abu biyu suka haɗu a lokaci guda, wato ita ta aika umarni cewa buɗe, sannan saƙo ya dawo daga hannu cewa na buɗe. Idan injin ne yayi komai, rabin zancen ne kawai ya iso. Masu bincike ma sun lura cewa da zarar inji ya cika taimako, jiki da kansa yake rage ƙoƙari ba tare da mutum ya sani ba, lalaci ne irin na wanda ya samu mai ɗauko masa ruwa. Shi yasa injunan asibiti na kirki ake saita su suna jira sai mara lafiya ya fara motsi, su kuma su ƙarasa abin da ya gagara kawai.

Anyi irin wannan gwajin a jami'ar Kalifoniya ta Irvine, aka wallafa a 2008. Mutum 13 masu shanyewar ɓarin jiki suka yi mako uku suna koyon damƙa da saki da taimakon inji, da kayan gaske a hannu. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu sai aka ga sashen motsi ya ƙara aiki idan suna damƙa, amma motsin juya tafin hannu da ba'a koyar dasu ba, shiru, babu canji. Kaga kenan ƙwaƙwalwa abin da aka bata take koya. In kana so Baba ya riƙe kofi, sai an sa kofi a hannun.

Me ya rage wa injin kenan? Yawa. Baya gajiya, baya duba agogo, babu layin marasa lafiya a bayansa. An taɓa ƙirgawa a asibitocin Amurka da Kanada aka samu a zama ɗaya na gashi, wato fisiyo, matsakaicin motsin hannu mai ma'ana bai wuce kamar sau 32 ba, wani injin asibiti na motsa hannu mai suna MIT-Manus kuwa yana sa mutum yin sama da sau 1000 a zama guda. Duk da haka kar ka ɗauka sihiri ne. Gwajin tsofaffin sojojin Amurka 127 a 2010 ya nuna injin yayi kunnen doki ne da likitan gashi da ya bada atisaye mai yawa irin wannan. A Birtaniya kuma, 2019, mutum 770, injin bai fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu. Kuma waɗannan injuna ne na manyan kuɗi da ƙwararru a tsaye a kansu, ba wanda aka aiko maka a kwali da takardar bayani cikin Sinanci ba. Akwai dai wani mai suna IpsiHand da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince dashi a 2021, shi yana karanta siginar ƙwaƙwalwa ta wata hula da ake sawa a kai, sai mutum yayi niyyar motsi sannan injin ya buɗe hannun. Irin wannan shi ne ya kama bakin zaren, amma ba shi kake gani a talla ba.

Shawarata. Kafin ka tura ko sisi, ɗauki bidiyon tallar ka nuna wa likitan fisiyo da ke ganin Baba, kana Zariya asibitin koyarwa na Shika na kusa da kai. Hannun da ya ƙage da yawa ko wanda baya jin taɓi, injin zai iya ji masa ciwo shi bai ma sani ba. Idan likita yace a saya, a nemi mai safa biyu wadda hannu mai lafiya ke jan mara lafiya, kuma a kashe talabijin, Baba ya kalli hannun, ya yunƙura shi da kansa kafin injin ya motsa. Bayan an cire safar kuma a shiga aikin gaske, carbi, cokali, murfin gora, maɓallin riga. Kuma dan Allah ku daina yi masa komai saboda tausayi, hannun da aka daina nema ƙwaƙwalwa sai ta koyi mantawa dashi. Watannin farkon nan sune mafi muhimmanci, kar su ƙare wajen jiran kaya daga jirgi. Maganin hawan jini kuwa in an rubuta masa babu fashi.

Sai ɗabi'ata da kuka sani: duk Juma'a ka ɗauki bidiyon minti ɗaya yana ƙoƙarin ɗaukar abu ɗaya, a wuri ɗaya. Ido yana ƙarya idan kullum kuna tare, bidiyo baya yi. Ka ajiye a Google Drive, kar ka zama kamar mutumin Funtuwa.

Daga Maraɗi: Wayata bata caji sai na danne wayar cajin da littafi.

Datti ne ya cika ramin. Kashe wayar ka sa tsinken sakace a hankali, banda allura. In bai yi ba canja kebur, na ɗari biyar ɗin nan ya gama aikinsa.

Daga Kumasi: Na manta fasuwod ɗin Gmail kuma layin da na buɗe dashi ya ɓata.

Je ka yi welkom bak na layin da katin shaidarka, shi ne hanya mafi sauri. In ya dawo ka sa imel na biyu a saitin tsaro, na faɗa ya fi sau goma a wannan filin.