Zauren Malamai: Amsoshin Wasiƙunku kan TP, Sola da Jarrabawar Kwamfuta

Wasiƙun wannan wata daga cikin Jos da Bukuru suka fi zuwa. Mun ɗauki biyar, mun rage tsawon wasu.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibar NCE ce 'yar aji uku, an turo ni TP, wato koyon koyarwa a aji, wata ƙaramar sakandare a Unguwar Rogo, ina koyar da kimiyya. Yara 74 ne a ajina. Ranar da mai duba mu ya zo na kunna bidiyon zaizayar ƙasa a wayata, sai aji ya kacame, kowa na son leƙawa, har aka kaɗa ƙararrawa ban yi tambayoyin auna fahimta ba. Ya rubuta cewa kayan koyarwata ba su dace ba. Ba an ce mu riƙa amfani da fasahar zamani ba? Zai dawo nan da mako biyu.
*Ɗaliba mai koyon koyarwa, Unguwar Rogo*

Wa alaikumus salam, Malama. Ki yi haƙuri, a wannan karon muna bayan mai duba ki. Fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, mutum huɗu ko biyar ne za su gani sosai. Sauran saba'in ɗin kin bar su zaman banza, yaro kuwa ba ya zaman banza, sai ya samar wa kansa aiki. Mai duba ki abu biyu yake nema a kayan koyarwa: na bencin baya ya gani? Kuma kayan sun kai yaro ga manufar da kika rubuta a shirin darasi?

To ki fara daga manufar. Idan kin rubuta "ɗalibai su fahimci zaizayar ƙasa", kin ɗaure kanki, don babu mai leƙa ƙwaƙwalwar yaro ya ga fahimta. Rubuta abin da za a ji ko a gani: su ambaci abubuwa uku da ke jawo zaizaya, su bayyana dalilin da ya sa ƙasa mai ciyawa ta fi jure ruwa. Manufa biyu ko uku sun ishi darasin minti 40, kuma kowace tambayar ƙarshe ta fito daga ɗaya a cikinsu.

Ga abin da zai fi miki bidiyo a wannan darasi. Nemi gorar ruwa ta roba guda biyu masu lita ɗaya da rabi. Kwantar da su, ki yanke gefen sama daga wuya zuwa gindi, su zama kamar kwalekwale. Cika ɗaya da ƙasa tsurarta, ɗayar kuma da ƙasar da kika saro tare da ciyawarta da saiwoyinta. Ki haɗa su kwana uku kafin ranar, kina ɗan yayyafa musu ruwa domin ƙasar ta zauna. A aji, ɗora su kan tebur, ki tokare gindinsu da bulo guda, bakinsu ya kalli ƙasa, ki cire murfi, ki tara kofin roba mai garai-garai a ƙarƙashin kowace. Ruwan samanki gwangwanin madara ne da aka huhhuda gindinsa da ƙusa. Kira yara biyu, mace da namiji, kowa ya zuba gwangwani biyu. Kofi ɗaya zai fito jawur da laka, ɗayan da ɗan dishi-dishi kawai. Ki sa a zagaya da kofunan layi-layi.

Wuri biyu ake samun matsala. Idan ƙasar ta bushe ƙayau, za ta shanye ruwan duka, ki tsaya kina jiran ɗigon da ba zai zo ba. Idan kuma gangaren gorunan bai zo daidai ba, ko ruwan wani ya fi na wani, akwai yaro mai wayo da zai ce an yi maguɗi, kuma da gaskiyarsa. Shi ya sa ake gwadawa a gida tukuna.

Wayar ma tana da nata aikin. Ɗauki hoton wani kwazazzabo da ke kusa da makarantar, ko bakin rafin Dilimi inda ruwa ya ci gaɓa, ko ɗaya daga tsofaffin ramukan haƙar kuza, ki buga kwafi takwas, kowane layi ya samu. Da yaro ya ga wurin da yake bi kullum, gabatarwarki ta gama kanta. Rabon lokaci kuwa: minti 5 gabatarwa, 23 matakan darasi, 8 auna fahimta, 4 taƙaitawa da aikin gida. Rubuta mintocin a gefen kowane mataki. Idan lokaci ya ƙure, a rage bayani, kada a taɓa tambayoyin ƙarshe.

Wani amfanin wayar da 'yan TP ba su cika yi ba shi ne kallon kai. Ƙaramar koyarwar gwaji da kuka yi a kwaleji kafin a turo ku, a Jami'ar Stanford ta Amurka aka faro ta a 1963, kuma ginshiƙinta ke nan: ka koyar na ɗan lokaci, ka ga kuskurenka, ka sake. Nemi izinin shugaban makaranta, ki jingina wayar ta kalli allo, ki naɗi minti goma. Da dare ki ƙirga sau nawa kika ce "kun gane?", minti nawa kika juya wa aji baya, da kuma ko duk tambayoyinki na benci biyu na gaba ne. Idan kin gama ki goge.

Ina da makaranta mai zaman kanta, boko da Islamiyya. Iyaye sun tara kuɗi domin ɗakin kwamfuta. Wani ya ba mu lissafin kwamfutocin tebur 20 da sola, amma kuɗin batir kaɗai ya kusa cinye abin da muka tara. Ina mafita?
*Mai makaranta, Bukuru*

Alhaji, kada a biya ko sisi sai an zauna da biro da takarda. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta takan ja wat 120 zuwa 150. Mu ɗauki 130: guda 20 sun kama wat 2,600. Laftof kuwa wat 45 ya ishe ta, wato 20 za su ja wat 900. Idan ɗakin zai yi aikin awa huɗu a rana, na tebur suna buƙatar wat-awa 10,400, laftof 3,600. Kusan ninki uku ke nan, kuma nan kuɗin batirinku ya tafi. Ga shi laftof tana da batirin kanta, ko an ɗauke wuta aikin yaro ba ya ɓacewa.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Amma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, inbata kuma ta ci nata kason, abin da zai iso soket bai wuce 1,000 ba. Guda huɗu a jere kan bolt 48 za su riƙe laftof 20 na kimanin awa huɗu ko da rana ba ta leƙo ba. Faifan sola kuma a lissafa shi da watan Agusta, lokacin da hadari kan rufe Jos tun safe: guda huɗu masu wat 450, da inbata mai kVA 3.5, sun wadatar. Tunda da rana ake darasi, yawancin wutar daga faifan za ta zo kai tsaye.

Abin da ke kashe irin wannan ɗaki sanannu ne. Na farko, sanyin Disamba: wani zai shigo da hita ko butar lantarki ya dafa shayi, ita kaɗai tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, fiye da laftof ɗin duka. A ware layin sola daban, kada a kai shi ofishin malamai, komai nauyin fuskar mai roƙo. Sai ruwan batir. A duba duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da ruwan famfo, ban da asid. Kada a haɗa sabon batir da tsoho a jeri ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. Da hunturu a wanke faifan duk mako, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi. Kuma garin nan garin tsawa ne: a binne sandar tagulla ta kariya, a sa na'urar tare wuce-gona-da-irin wuta, a cire filogi idan hadari ya haɗo. Ɓarawo ta silin ya fi shigowa, don haka a sa ƙarfe a saman ma.

Wajen sayen laftof na hannu, a nemi mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 8 da ma'ajiya irin SSD, a cire caja a gaban mai shago a ga ko za ta yi awa ɗaya. A sayi iri ɗaya, domin caja da kayan gyara su zama ɗaya.

Data kuma ba dole ba ce kullum. Akwai Kolibri, manhaja ce ta kyauta: ana girka ta a laftof ɗaya, a sauke darussa sau ɗaya, a haɗa da rauta ko babu sim a ciki, sauran su buɗe ta burauza. Kiwix ma haka take kawo Wikipedia ba tare da intanet ba. Ga masu data, akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, kuma akwai darussan Hausa a ciki.

Mu dai a ganinmu, laftof 15 da albashin malami guda na shekara sun fi 20 babu mai koyarwa. Yara biyu a kan kwamfuta ɗaya ba laifi ba ne, muddin ana musayar kujera duk minti 15. A fitar da jadawalin ɗakin kafin kaya su iso, in ba haka ba makulli zai koma aljihun tebur, sai baƙi sun zo a buɗe.

Ɗiyata za ta rubuta JAMB, amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, makarantarsu babu. Hankalina ya tashi.
*Wata uwa, Gangare*

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma an tsara ta yadda ko wanda bai iya riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya da maɓallan kibod kaɗai. A, B, C da D na zaɓar amsa ne. N na kai mutum tambaya ta gaba, P na mayar da shi baya. S na miƙa aiki ne, Y na tabbatarwa, R kuma na fasawa a koma kan tambayoyi. Yarinyar da ke latsa waya za ta riƙe wannan a zama biyu.

Lokaci ne abin tsoro. Tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, a cikin awa biyu. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaran da suka saba da takarda sukan maƙale a tambayar lissafi guda har minti biyar, ga agogo na tafiya a saman allo. Ta saba da tsallake mai wuya, ta dawo daga baya. Ki kai ta cibiyar kwamfuta sau huɗu ko biyar, kowane zuwa ta yi cikakkiyar jarrabawa da agogo, ba leƙen tambayoyi ba. Ta kuma nemi jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya, a lokacin rajista ake zaɓar ta. Idan kwamfuta ta tsaya a ɗakin jarrabawa, ta ɗaga hannu, kada ta taɓa wayar wuta ko soket. Ƙannenta ma a fara kai su tun yanzu, don WAEC ta fara tata ta kwamfuta ga masu rubutawa daga waje a 2024.

Ya halatta in sa ChatGPT ya rubuta min shirin darasi?
*Malamin firamare, Nasarawa Gwom*

Malam, ya ba ka daftari, babu laifi. Sai dai bai san jadawalin zangon makarantarku ba, bai san inda ka tsaya makon jiya ba, kuma yakan shirga kuskure da cikakkiyar murya. Ka faɗa masa aji, yawan yara, mintoci da kayan da kake da su, sannan ka gwada abin da ya fitar da manhajar karatu ta NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu, da littafin aji. Duk lissafin da ya yi ka sake da hannunka. Misalansa ka mayar da su na nan: dankalin turawa, acca, kuɗin Keke daga Taminus. Sashen "abin da ɗalibai suka riga suka sani" kai kaɗai za ka iya cika shi. Kada ka zuba masa sunayen yara ko makinsu.

Ni malamin Hausa ne. Duk takardar jarrabawar da na kai bugu sai ɓ, ɗ da ƙ su koma akwatuna ko su rasa lanƙwasarsu, har yara suka karanta ƙafa a matsayin kafa.
*Malamin Hausa, Rikkos*

Malam, a waya ka shiga saitin Gboard, kibod ɗin Google, ka ƙara harshen Hausa, haruffan za su samu. Windows ma tana da kibod ɗin Hausa a saitin harshe. Idan a Word kake kuma ba ka son sauya kibod, rubuta 0253 ka danna Alt da X tare, ɓ za ta fito. Ta ɗ 0257 ce, ta ƙ 0199. Manyansu kuwa 0181, 018A da 0198. Akwai tarko ɗaya: idan harafin da ke kafin lambar yana tsakanin a da f, kamar a kalmar "baƙi", Word za ta haɗa shi da lambar ta fitar da wani abu daban. Ka zaɓi lambar kaɗai da linzami kafin ka danna, ko ka kwafi haruffa shidan a saman shafi ka riƙa ɗaukowa.

Akwatunan kuwa daga salon rubutu ne: kwamfutar mai shago ba ta da wanda ka yi aiki da shi, ko nata ba shi da waɗannan haruffa. Ka adana takardar a PDF tun daga gida, ka kai ta a haka, ka ce a buga kwafi ɗaya ka duba kafin a saki sauran.