Kwamfuta ta daina ganin kebul ɗin intanet bayan an sake mata Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da rajistar ɗalibai a Zariya. An sake wa kwamfutata ta tebur Windows 10, tun daga ranar kuma ta daina ganin kebul ɗin da ke zuwa daga rauta, alhali fitilar ramin da ake soka kebul ɗin tana ci. Wani yaro ya loda mini tarin direbobi daga filashi, amma babu abin da ya canja. Ramin ne ya ƙone?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da wuya a ce ya ƙone, tunda yana aiki har ranar da aka sake Windows. Bayan ramin nan akwai wata 'yar na'ura da aka manna a babban allon kwamfutar, kuma Windows ba ta iya sarrafa ta sai da direba, wato ƙaramar manhajar da aka rubuta dominta. Windows 10 tana zuwa da direbobin tsofaffin na'urori da yawa, amma sau da dama ba ta da na sababbi, haka kuma akwai kwafin Windows da ake yawo da su a kasuwa waɗanda aka zaftare wa direbobi don su yi sauƙi.

Ba na goyon bayan loda tarin direbobi a makance, domin na'urar da kanta tana faɗin sunanta ga wanda ya san inda zai duba. Ka danna maɓallin Start da ɓangaren dama na linzami, ka buɗe Device Manager. Idan matsalar direba ce, za ka ga Ethernet Controller da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices. Ka buɗe Properties ɗinsa, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga rubutu irin PCI\VEN_10EC&DEV_8125. Abin da ke bin VEN shi ne lambar kamfani: 10EC ta Realtek ce, 8086 kuma ta Intel. Abin da ke bin DEV shi ne samfurin, inda 8168 ke nufin dangin RTL8111 mai gudun gigabit 1, 8125 kuma mai gigabit 2.5.

Da wannan lamba a hannu, sai ka nemi direban a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar idan HP ce ko Dell ko Lenovo. Idan kuwa haɗa ta aka yi, sai ka duba sunan allon, ko Asus ko Gigabyte ko MSI, ka je shafinsu, ka tabbatar ka ɗauki wanda ya dace da 64-bit idan ita ke kanta. Intanet ɗin da za ka sauko da shi yana aljihunka: haɗa wayar Android da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna USB tethering, kwamfutar za ta hau datar wayar nan take. Idan fayil ɗin da ka sauko ba shi da abin dannawa na girkawa, ka warware shi a folda guda, ka koma Device Manager, ka zaɓi Update driver, sannan Browse my computer, ka nuna masa foldar da fayil mai ƙarewa da .inf yake ciki.

In kuwa na'urar ba ta bayyana ko'ina a jerin ba, ka shiga BIOS, wato saitunan babban allon kwamfutar, lokacin kunnawa da F2 ko Del ko F10, gwargwadon kamfanin, ka tabbatar Onboard LAN, wato na'urar ramin kebul ɗin, yana kan Enabled. Sai an yi duk wannan ba a dace ba za a yi maganar ƙonewa, wadda tsawa kan jawo da damina ta hanyar kebul, kuma ko a nan ƙaramar adafta da ake sokawa a ramin USB ta wadatar.

Tambaya: Malam, tawa kwamfutar tana haɗuwa da intanet, amma tana nuna gudun 100 Mbps maimakon 1000, kuma takan yanke ta dawo. Shin direba ne?

Amsa: Ka fara da kebul. Gudun 1000 yana buƙatar dukkan siraran wayoyi 8 da ke cikinsa, shi kuwa 100 yana aiki da 4 kacal, saboda haka idan ɗaya ta tsinke ko ba a matse kan da kyau ba, sai na'urar ta sauko 100 ba tare da ta sanar da kai ba. Ka gwada wani kebul Cat5e wanda bai wuce mita 100 ba, ka kuma duba rautar, domin masu araha da yawa ramukansu ba sa wuce 100. A Device Manager, cikin Properties na na'urar, ka shiga Advanced, ka bar Speed & Duplex a kan Auto Negotiation, don tilasta masa lamba yakan haifar da saɓani da rauta. Game da yankewa, ka kashe Energy Efficient Ethernet da Green Ethernet idan akwai, sannan a Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe na'urar don tanadin wuta.