Amsa ga ƙanenmu mai tafiya Marok: maganar kallon balo da zaman kafe

Salamu alaikum jama'a. Na ga tambayar ƙanenmu da ya samu burs zai tahi Marok karatu, yana cewa shi mayen balo ne, a nan Maradi ko wasa ɗaya na Barça bai wuce shi a gidan kallo, to can ya zai yi, kuma mi mutum ke yi da lokacinshi in babu fada babu shayi. Mutane sun yi ta tura mishi sunayen aplikasiyo na kallo a waya. Ni dai na yi shekara shida a Fas, daga lisans har masta, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Kallo kam kar ya dame ka ƙanena, inda za ka sun fi mu haukar balo nesa ba kusa ba. Kowace unguwa kafe ne jere, kowane da tele biyu ko uku a bango, beIN Sports da sharhin larabci, mai sharhin yana ihu kamar an sace mishi akuya. Ba a biyan kuɗin shiga irin namu na gidan kallo, abin sha kawai za ka saya. Lokacina kofi ko atay, shayinsu mai na'ana'a, dirhami 8 zuwa 10 ne a kafen unguwa, wajen sefa 500 ko 600 ke nan, kuma da kofi ɗayan nan za ka zauna har a tashi wasa ba wanda zai ce maka tashi. Sai dai ranar Real da Barça ko babban wasan Champions in ba ka je da wuri ba a tsaye za ka kalla daga bakin titi, wasu masu kafen ma su ƙara kuɗi ranar. Agogo kuma ɗaya ne da na gida, sai cikin azumi suke maida nasu baya da awa ɗaya, ka kiyaye wannan, ni ya taɓa sa na iso ana hutun rabin lokaci.

Shekarata ta farko ban san haka ba, ko in ce na sani amma tsoro ya hana ni. Ɗaki nake kullewa da waya, ina bin links ɗin nan da ke tsayawa daidai lokacin da za a buga penalti, ga sanyin Fas na watan Janairu wanda hunturunmu wasan yara ne a gabanshi, gidajen ba abin ɗumama ɗaki, bargo biyu da safa da hula, ni kaɗai ina kallo. In an ci sai in yi ihu in ji muryata ta dawo mini daga bango. Wallahi nan na gane ba balon nake kewa ba, gardamar nake kewa, irin ta fadarmu ta unguwar Ali Ɗan Sofo da za a kai sha biyun dare ana musu kan ofsaid ɗaya, shayi na uku ya huce ba wanda ya lura. Har na fara ramewa, tsohuwa ta gan ni a bidiyo ta ce ko ciwo nake ɓoye mata.

Wani ɗan Mali da muke fak ɗaya shi ya ja ni kafe da ƙarfi. Wata uku ina zuwa wuri ɗaya, kujera ɗaya kusa da ƙofa, sai mai kawo shayin ya daina tambayata abin da zan sha, tsofaffin wurin suka fara ce mini "Nijer, zo nan". Darija ɗin da na iya, larabcinsu na titi wanda ko ka yi islamiyya ba za ka gane shi da farko ba, rabi a kafen nan na koya, kuma zagin arbit na fara iyawa kafin gaisuwa, Allah ya yafe mana. Ɗakin haya na biyu da na samu mai araha, wani dattijo ɗan Real da muke gardama kullum shi ya haɗa ni da mai gidan. Don haka shawarata ka zaɓi kafe ɗaya kusa da inda kake kwana ka riƙe shi, kar ka yi ta yawo yau nan gobe can.

Amma akwai inda na yi kuskure, kar ka maimaita. Mu nan tsiya ce abincinmu, ekip ɗinka ta sha kashi sai an biyo ka har gida da kabu-kabu ana maka oda. Can za ka iya tsokanar mutum kan Real ko Barça yadda kake so, amma ban da ekip ɗin ƙasarsu, ban da Raja da Wydad, manyan ekip ɗinsu biyu na Kasablanka, in ba ka san wanda ke gefenka ba. CAN, kofin Afirka, na Kodebuwa, Janairun 2024, Afirka ta Kudu ta fidda su 2 da 0, Hakimi ya buga penalti ta daki ƙarfen sama, ni kuma dariya ta kuɓuce mini, ba da niyya ba, halin gida ne kawai. Kafen ya yi tsit. Ba wanda ya taɓa ni, amma mai shayin nan da muke wasa da dariya ya zo ya ɗauke kofina ban gama sha ba, ya goge tebur a gabana. Sati biyu ban koma ba, sai da dattijon nan ya aiko a kira ni.

Kuma mutanen nan su ne a 2022 suka ɗauke ni a kafaɗa. Daren da suka ci Fotugal 1 da 0, En-Nesyri ya tashi sama kamar an ja shi da igiya ya sa kai, ƙasar Afirka ta farko da ta kai kusa da ƙarshe a kofin duniya, garin Fas bai yi barci ba. Mata da tsofaffi da jarirai duk a titi, wata tsohuwa ta ɗaura mini tutarsu a wuya tana cewa Afirika, Afirika. Duka biyun gaskiya ne, haka suke.

Sai maganar Mena, ekip ɗin ƙasarmu Nijar. Ka yi sa'a, tunda CAF ta hana wasa a filin Seyni Kountché an sha kai wasanninmu na gida can Marok, to ka dinga bin shafin FENIFOOT, hukumar balon Nijar, da grup ɗin ɗaliban Nijar na garinku. Maris 2025 cikin azumi muka cika jirgin ƙasa daga Fas zuwa Wujda kallon Mena da Marok, wai mu ne masu masaukin baƙi amma filin duk ja ne, mu ƴan tsiraru a lungu ɗaya da tuta da wata ganga da wani ya ɗauko. Da aka dawo hutu Youssouf Oumarou ya zura musu, na rantse ban san sanda na rungume wani ɗan Zinder da ban taɓa gani ba, muryata ta tafi. Suka rama, sannan a ƙarin lokaci El Khannouss ya ƙara, 2 da 1. Mun yi sahur a tasha da burodi da madara ba mai magana. Duk da haka in ka ce in zaɓi dare ɗaya a shekara shidan nan shi zan ɗauka, tun ina yaro da Maazou ya ci Masar a Yamai a 2010 ban ƙara jin irin wannan ba.

Sauran lokacin hutu kuma ba wuya. Ka tahi da takalmin balo da mayo ɗinka, akwai ƙananan filaye na haya masu ciyawar roba, ku haɗa kuɗi ku goma ku yi awa ɗaya, ɗaliban ƙasashenmu har gasa suke shiryawa ƙasa da ƙasa. Juma'a kuskus, in maƙwabci ya kira ka kar ka ce ka ƙoshi. Hammam, gidan wankansu mai ruwan zafi, sau ɗaya a sati lokacin sanyi. In Fas aka kai ka, zawiyar Shehu Tijjani na cikin tsohon gari, za ka yi ta cin karo da ƴan gida da ƴan Kano masu ziyara, ka sha Hausa har ka gaji. Lokacin kokowar takobi kuma mu kan taru ɗaki ɗaya a jona waya da tele, a dafa shinkafa da wake, kowa na zagin jihar wani.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, caca. Pari ɗin nan na waya ya cinye burs ɗin yara da yawa a gabana, akwai wanda kuɗin sabunta takardar zamanshi ya saka kan wasa ɗaya, sai karo-karo muka yi mishi. Kuma daren Talata da Laraba na Champions suna faɗawa tsakiyar egzame, ni sai da na maimaita matiyar ɗaya saboda haka, ban gaya ma tsoho ba har yau, in yana cikin grup ɗin nan to Baba ka yi haƙuri.

Ka sa yaji da kuka da daddawa cikin kaya, kilishi kuma ka naɗe shi da kyau. Wane gari aka ba ka ma tukuna? In Fas ne ko Meknas ka yi mini magana ta pribe in haɗa ka da yaranmu da ke can.