Hukuncin Wasan DayZ da Rantsuwar da Ake Yi wa Abokin Wasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a jami'a, kuma ni da abokaina muna buga wani wasan kwamfuta ta intanet mai suna DayZ. A cikinsa annoba ce ta mayar da mutanen wata ƙasa zombi, wato wasu halittu kamar gawa da suke yawo suna afka wa mutane, kai kuma a jefa ka bakin teku ba ka da komai, ka nemi abinci da ruwa da magani da makami. Akwai 'yan wasa na gaske daga ƙasashe daban-daban, ana jin muryar juna, kuma in aka kashe ka duk abin da ka tara ya tafi. Wani abokina ya ce wasan haramun ne saboda akwai matattu masu tashi da kuma wulaƙanta gawa. Sai kuma abin da ya fi damuna: na haɗu da wani Balarabe a ciki, ya ji tsorona, na ce masa wallahi ba zan harbe ka ba, da ya tsuguna yana ɗaure rauninsa sai na harbe shi na kwashe kayansa. Na yi irin haka ga mutane da dama. Wani lokacin ma asuba takan kuɓuce mini. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin yadda yake ba tare da ka yi masa kwaskwarima ba. Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka sai da na san yadda wasan yake kafin na amsa. Wani ɗan ƙasar New Zealand mai suna Dean Hall ne ya ƙirƙire shi a 2012 a matsayin ƙari a kan wasan soja na Arma 2, daga baya kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek ya fitar da shi mai zaman kansa a ƙarshen 2013, ya kammala shi a Disambar 2018. Ƙasar da ake yawo a cikinta, Chernarus, ƙagaggiya ce mai faɗin murabba'in kilomita 225, kuma ba a ɗora wa ɗan wasa wani aiki ba in ban da ya rayu. Abin da na fahimta shi ne, zombin da abokinka yake jin tsoro su ne mafi sauƙin al'amari a hukunci, nauyin kuwa yana wajen mutumin da yake magana da kai ta makirufo.

Asalin wasa da nishaɗi halal ne har sai dalili ya hana. Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci, Annabi (SAW) yana kāre ta da mayafinsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma ya ce wa sahabi Hanzala, a ruwayar Muslim, "lokaci da lokaci", wato lokaci na ibada da lokaci na harkokin duniya. Sai dai bai kamata in ɓoye maka cewa mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan wasannin zama masu cinye hankali ba. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya ce babu alheri a cikin shaɗaranji (wasan da Turawa suke kira chess), kuma mai Risala ya ce bai halatta a yi wasa da nardu (wasan allo da ake jefa ƙwaya mai lambobi kamar ta ludo) ko shaɗaranji ba, alhali Shafi'iyya suna ganin shaɗaranji makaruhi ne matuƙar babu caca. Nardu dai nassi ne ya hana shi, domin an gina shi a kan jefa ƙuri'a. Wasannin kwamfuta kuwa babu nassi a kansu, don haka malaman zamani suka rabu: majalisar malaman lardin Aceh a Indonesiya ta haramta wasan harbe-harbe na PUBG da makamantansa a 2019 saboda ɓarnar da ta gani ga matasa, yayin da wasu da yawa suka bar su a kan halacci tare da sharuɗɗa. Ni ina tare da na biyun, domin illar da ta sa magabata suka ƙi shaɗaranji ita ce shagaltarwa daga salla da yawan rantsuwar ƙarya da gaba tsakanin 'yan wasa, kuma hukunci yana bin illarsa, in ta samu ya samu, in ta kau ya kau. Abin baƙin ciki, biyu daga cikin waɗannan ukun ka ambace su da bakinka.

Game da maganar abokinka, aƙidarmu ita ce wanda ya mutu ba ya dawowa duniya yana yawo, domin Allah ya ce a cikin suratul Muminuna, aya ta 100, akwai shamaki a gabansu har zuwa ranar da za a tashe su. Tatsuniyar zombi ta samo asali ne daga camfin mutanen Haiti cewa boka yana iya tayar da gawa ya bautar da ita, kuma duk wanda ya gaskata haka ya taɓa aƙidarsa. Amma kallon abin da ka san ƙage ne ba gaskatawa ba ne, balle a wannan wasan masu shi sun ce waɗannan mutane ne masu rai da cuta ta haukata. Haka nan hanin da aka yi na yi wa gawa gunduwa-gunduwa ya shafi jikin ɗan Adam na haƙiƙa, ba zanen da yake motsi a fuskar kwamfuta ba. Inda za a tsaya cik shi ne wasan da zai sa ka yi sujada ko addu'a ga gunki don ka sami ƙarfi, irin abin da aka saka a PUBG na waya a 2020 har Musulmi suka yi ca aka cire shi. Sannan akwai cin naman mutum, wanda DayZ ya ba da damar yi. Ba zan ce wanda ya danna wannan maɓalli ya ci haram da bakinsa ba, amma ina ƙinsa ƙi mai tsanani, domin Alƙur'ani ya kafa misali da cin naman ɗan'uwa matacce a matsayin ƙarshen abin ƙyama, kuma mashhurin mazhaba bai halatta shi ba ko ga wanda yunwa za ta kashe, don haka ba abin da Musulmi zai mayar abin dariya ba ne.

Harbin ɗan wasa da kwashe kayansa, a kan kansa, ba kisa ba ne kuma ba sata ba ce. Babu ƙisasi, babu diyya, babu ramuwar bindiga ko gwangwanin abinci, domin duk wanda ya shiga ya san ƙa'idar kuma ya yarda da ita, kamar yadda mai dara ba ya kai ƙara don an cinye masa ɗa. In ka yi kwanton ɓauna a bayan bishiya, ko ka zagaya ta bayan gari, ko ka yi shiru ka ƙi amsa wanda ya kira ka, duk wannan dabarar wasa ce. Amma da zarar ka buɗe baki ka yi wa mutum alkawari, to ka fita daga Chernarus, domin harsashin na ƙarya ne, muryar kuwa taka ce, kunnen da ya ji na mutum ne mai rai, kuma sunan da ka rantse da shi sunan Allah ne na gaskiya. Wannan Balaraben bai juya maka baya don wata ƙa'idar wasa ba. Ya ji kalmar da ya sani tun yana yaro, ya ɗauka ya gamu da ɗan'uwa Musulmi a wurin da kowa yake tsoron kowa, sai ka mayar da wannan kalmar tarko.

Na san matasa suna kafa hujja da hadisin da ya ce yaƙi yaudara ne. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun haɗu a kan cewa yaudarar da aka halatta ba ta haɗa da warware alkawari ko aminci ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rubuta wa wani kwamandan runduna cewa labari ya iso masa wasu suna bin abokin gaba, in ya haye dutse ya gagara sai su ce masa kada ka ji tsoro, in sun cim masa su kashe shi, ya kuma rantse zai sare wuyan wanda ya yi haka. Malik ya bayyana cewa ba a aiki da hukuncin kisan, amma haramcin aikin babu saɓani a kansa, har ya ce nuni da hannu na aminci daidai yake da furuci. To in an hana wannan a fagen fama da maƙiyi na gaske, ta yaya zai zama ado a wurin wasa? Annabi (SAW) ya lissafa ƙarya da saɓa alkawari da cin amana a matsayin alamomin munafuki, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya lamunce gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. Wannan bai keɓanta da Musulmi ba. Bature ko ɗan Rasha da ka ce masa kai ba mai faɗa ba ne, shi ma haƙƙinsa ne ka cika masa.

Rantsuwar kuwa tana da hukuncinta na daban. Ba za ta shiga rantsuwar wargi da aka yafe ba, domin ka furta ta ne da nufin a gaskata ka. Rantsuwa ce a kan abin da zai zo, ka kuma karya ta, don haka kaffara ta hau kanka, kuma in tun lokacin furtawa ka ƙudurta za ka harbe shi, to ka haɗa da zunubin rantsuwar ganganci mai dulmiyarwa, wadda take buƙatar tuba ta gaskiya bayan kaffarar. Kaffarar tana cikin suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma, kowanne mudu ɗaya na mudun Annabi daga abincin da garinku ya fi ci, ko tufatar da su, wanda kuma bai sami iko ba ya yi azumin kwana uku. Kowane mutum da ka rantse wa daban, kaffararsa daban. Ka zauna ka ƙirga iyakar abin da ka tuna, inda ka yi shakka ka ɗauki abin da ya fi rinjaye a zatonka. Ɗalibin da kuɗin hannunsa bai wuce na abincinsa ba azumi ya isar masa, amma wanda yake iya sayen data ta kwana da kwanaki yana wasa ya duba da kyau kafin ya ce ba shi da ikon ciyarwa. In kana iya gane mutanen a sabar da kuke haɗuwa, wato dandalin intanet da kuke shiga ku buga wasan tare, ka nemi afuwarsu.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi harbin muni, wadda masu wannan wasa suka sani: a tare sabon shiga wanda bai mallaki komai ba, a sa shi ya ɗaga hannu, a buga masa ankwa, a tuɓe shi, a ɗura masa ruɓaɓɓen abinci, ana zaginsa ana dariya, wani lokacin ma ana ɗauka don a watsa. Babu wata riba ta wasa a nan in ban da jin daɗin wulaƙanta mutum, kuma wannan haramun ne. Sahabbai sun taɓa ɗauke igiyar wani daga cikinsu yana barci a hanyar tafiya, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba, alhali wasa suke yi. Haka hukuncin yake ga manhajar maguɗi mai nuna maka mutane ta bayan bango, domin algus ce, da kuma karya dokar sabar da ta hana harbi ba gargaɗi, tunda Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wasannin zombi na waya da suke sayar da akwatin canki-canka, ka biya kuɗi ba ka san abin da zai fito ba, wannan caca ce, har hukumar caca ta Beljiyam ta ɗauke shi haka a 2018.

Saura salla. An gina wasan ne yadda ba a iya dakatar da shi, kuma tsoron kada a fasa maka sansani ko a kashe mutuminka na cikin wasan da ka yi makonni kana tara masa kaya shi ne igiyar da take riƙe ka har tsakar dare. Sallar da ta wuce ka rama ta da zarar ka farka. Malamanmu ba su ɗora zunubi a kan barcin da aka fara kafin shigar lokaci ba, amma in alfijir ya keto kana kan wasa sannan ka kwanta, ko ka ji kiran salla ka ce sai ka kai wurin ɓuya har lokaci ya fita, ka yi laifi babba. Kuma wanda ya mayar da raba dare al'ada alhali ya san inda take kai shi, wasansa ya ɗauki siffar da Allah ya ambata game da giya da caca a suratul Ma'ida, aya ta 91, wato kangewa daga ambaton Allah da salla. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa duk da yana ganin cutarwa a karatunsa da rayuwarsa. In ka ga haka a kanka, neman taimakon likita ba abin kunya ba ne.

Saboda haka, wasan halal ne ga wanda ya tsare harshensa da sallarsa da karatunsa, ko da yake barinsa ya fi. Amma kai, a halin da ka siffanta, wajibi ne ka dakatar da shi yanzu har ka fitar da kaffarorinka kuma asubarka ta daidaita. In ka koma, kada ka buga bayan lokacin barcinka, ka fita daga sabar tun kafin a kira salla, ka zaɓi sabar da ake haɗa kai a kan zombi ba a farautar juna, kuma kada sunan Allah ya sake fita daga bakinka a kan abin da ba ka nufin cikawa. In ka gwada haka asuba ta sake kuɓuce maka saboda shi, to ya haramta a gare ka, sai ka goge shi daga kwamfutarka.

Wallahu a'alam.